Yini Guda a Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Tun farko ba Kwatarkwashi muka yi niyya ba. 'Yar ƙanena ce, wadda ke koyarwa a wata makarantar makafi da kurame da guragu a nan Gusau, ta same ni ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta durƙusa ta gaishe ni, sa'an nan ta ce, "Baffa, alfarma na zo nema." Alfarmar kuwa ita ce, tun da yake na ajiye aiki, ba ni da wata hidima da ta wuce sauraron rediyo da zaman majalisar ƙofar gida, in taimake ta mu kai yaranta gandun dajin Kuyambana, domin ta ambaci sunansa a darasin labarin ƙasa, su kuwa sun tsare ta da tambayar da ta rasa yadda za ta amsa da fatar baki, wai mene ne daji, kuma da me ya bambanta da gona.

Kuyambana, ga wanda bai sani ba, yana kudancin jihar nan ta Zamfara ne, wajen Ɗansadau cikin ƙaramar hukumar Maru, ya yi iyaka da dajin Kamuku na Birnin Gwari wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, kuma dattawan da suka yi farauta a can suna ba da labarin giwaye da gwanki waɗanda ba ruwansu da iyakar Zamfara da Kaduna, suna ƙetarawa abinsu. Amma wannan magana a watan Nuwamba na 2013 aka yi ta, lokacin da ɓarayin shanu suka riga suka mai da dajin gidansu, har ya zamana duk wanda na tuntuɓa, tun daga direbobin tasha har zuwa wani tsohon abokina da ya yi aikin gandun daji, amsa ɗaya yake ba ni, cewa mai ido biyu da ƙafa biyu ma ba ya shiga, balle a kwashi 'ya'yan mutane waɗanda in gudu ya kama ba su da yadda za su yi. Mun rubuta takarda zuwa wani ofishi muna neman shawara, ina jin tana can cikin wani fayil har yau. Abokin nan nawa ne ya ce in dai itatuwa ake so yara su sani, ba lalle sai an je inda giwa take ba, akwai sauran kurmi a gindin Dutsen Kwatarkwashi, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga Gusau, kuma ya san wani tsoho a can da ya yi tsaron daji tun zamanin En'e.

Kafin in shiga labarin hanya, ya kamata in faɗi abin da ya ɗaure mini kai game da tambayar yaran, don haƙiƙa shi ne ya sa na amsa, ko da yake na riƙa gaya wa abokan majalisa cewa neman lada ne. Akasarin yaran nan daga ƙauyuka aka kawo su, wasu daga ƙasar Bungudu, wasu daga Tsafe, wasu daga wajen Ƙaura Namoda, wuraren da ba a koya wa yaro daji a cikin aji, domin kiwo ya koya masa, neman itacen girki da ɗiban kanya da harbin tsuntsu sun ƙarasa, ta yadda kafin ya shekara bakwai ya san marke daga madaci ko da dare. To, amma wanda ƙyanda ta tafi da idonsa, ko shan inna ta shanye masa ƙafa, ko sanƙarau ya bar shi da rai ya toshe masa kunne, shi a gida ake barinsa, a gindin turmi ko a zaure, a ce kada ƙaya ta soke shi, kada maciji ya sare shi, kada ya faɗa rijiya. Duk gaskiya ne, duk kuma ƙauna ce ta kawo su, sai dai tausayi in ya yi yawa ba a lura ba, kaɗan ya raba shi da kurkuku. Ban musa ba cewa al'adarmu ta ba naƙasasshe gurbi, ga Sarkin Makafi ga Sarkin Guragu a manyan garuruwanmu, da jama'arsu da tsarinsu, amma gurbin nan a bakin kasuwa yake da ƙofar masallaci, ba wanda ya taɓa lissafa cewa suna da rabo a bayan gari. Da Malama, wato 'yar ƙanen nawa, ta bi iyaye neman izini, wani uba, mutumin kirki mai son ɗansa, ya tambaye ta da zuciya ɗaya, "Malama, me makaho zai gani a daji?" Cikin yara ashirin, goma sha huɗu aka yardar wa.

Ranar Asabar da hantsi muka tashi cikin wata bas ta haya, makafi biyar, kurame shida, guragu biyu, da wani yaro guda wanda likitoci suka ce yana da lalurar da ake kira galahanga, ba ya son hayaniya, ba ya kuma kallon mutum ido da ido. Sunayensu amana ce, ba zan faɗa ba. Manya mu huɗu ne, ni da Malama da wani malami abokin aikinta da direba, an ɗaure kekunan guragu a saman mota tare da jarkokin ruwa da kwanon dafa-duka. Muka kama hanyar Funtuwa, hunturu ya fara sauka, gonaki dama da hagu an yanke dawa an kwantar, ƙanshin kara da ƙura yana shigowa ta taga. Kurame ne suka fara hango dutsen, suka mamaye tagogi, hannuwa na ta tashi kamar ana sheƙar hatsi, har makafi suka ji motar ta karkata suka tambayi abin da ya faru. Na ce dutse ne. Wani daga cikinsu, babbansu, wanda ya kusa sauke Alƙur'ani da ka, ya ce, "Baba, ya kai babban masallaci tsawo?" Na buɗe baki in amsa, sai na tarar ba ni da ma'aunin da zan ba shi, domin duk abin da zan kwatanta da shi, shi ma da ido aka san shi.

Kwatarkwashi tana gabas da Gusau, amma a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bungudu take, alhali garin Bungudu kansa yana yamma a kan hanyar Sakkwato, abin da kan rikita baƙo. Gari ne daɗaɗɗe wanda ya jingina da dutsensa, kuma ya yi suna da bikin kamun maiki da aka gada tun zamanin maguzanci. A lokacin Sarki Alhaji Ahmad Umar yana raye, wanda ya hau karaga a 1961 ya kuma rasu a 2022, Allah ya jiƙansa, kuma sai da aka sanar da fada zuwanmu kafin mu wuce bayan gari, kamar yadda ladabi ya hukunta. A nan muka iske tsohon yana jiranmu da sandarsa da ƙaramin gatari a kafaɗa. Ya dubi yaran ana sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Malam, ɗiyan ga duka cikin daji za mu da su?" Na ce i. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Allah shi kai mu lahiya."

Malama ta zo da shirinta. Igiyar guga ta kawo, sabuwa, ta ƙulla ta gaɓa gaɓa, kowane makaho ya riƙe ƙulli ɗaya, malamin nan yana gaba tana baya, ta kuma ɗaura jan ƙyalle a kan doguwar gora domin kurame su riƙa hangen inda jama'a take. Daga baya na karanta cewa a lambun Kirstenbosch na Afirka ta Kudu akwai hanyar da aka ja wa igiya musamman domin makafi, da alluna masu rubutunsu a gefe, na ce ashe igiyar gugarmu tana da 'yan'uwa a duniya. Kafin mu ɗaga ƙafa ta jawo ni gefe ta damƙa mini kurame biyu, ta ce, "Baffa, makaho in ya ɓace kira za a yi ya amsa, kurma in ya ɓace sai Allah. Don Allah idonka a kansu." Na ce ta kwantar da hankalinta, ni da na yi shekara talatin ina tsaron aji.

Da farko tsohon ya yi abin da kowa zai yi, yana tafe yana nuni da sanda, ga marke can, ga ɗorawa can, waccan taura ce. Ba wanda ya tanka, domin makafi ba su san inda "can" take ba, kurame kuwa suna ganin sandar ba su jin sunan. Sai da ya yi haka sau uku ko huɗu sa'an nan ya tsaya, ya jingine sandar, ya kamo hannun yaron da ke kan ƙullin farko ya ɗora a jikin kaɗanya, ya ce, "Shafa. Ka ji ta tsage tsage kamar bayan kada? Ita ta ka ba mu man da uwarka ka shafa maka." Daga nan tafiya ta canza, ta koma ta hawainiya, kowane itace sai an tsaya an shafa ɓawo, an murza ganye an sunsuna, wani har an ɗanɗana. Ganyen kalgo suka bi da yatsa suka ji ya rabu biyu kamar kofaton raƙumi. Madaci ya sassaƙo musu kaɗan suka lasa, aka yi ta tofar da yawu ana dariya, wani ya ce yanzu ya gane inda sunan ya samo asali. A gindin gawo ya sa su taɓa sabon ganye, ya gaya musu cewa shi kaɗai ne ke tuɓewa da damina ya yi ado da rani, saboda haka manomi ba ya sare shi, tun da ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga 'ya'yan da awaki ke ci. Malama tana juya maganarsa da hannu domin kurame, inda kalma ta gagara sai ta rubuta a ƙasa da tsinke. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa a ranar na ga taɓawa ta kore shi.

Akwai wata yarinya a kan ƙulli na uku, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ƙyanda ta makantar tun tana goye, mai kaifin harshe, irin yaran da malami kan so ya kuma ji tsoron tambayarsu. Da muka fito wani fili inda wata tsohuwar kuka take tsaye ita kaɗai, ganyenta ya fara zuba 'ya'yanta na reto, sai Malama ta saki igiya ta kai ta gaban itacen ba tare da ta gaya mata ko mene ne ba. Yarinyar ta ɗora tafukanta biyu, ta shafa sama iyakar tsawonta, ta shafa dama ta shafa hagu, ta ce, "Malama, wannan katanga ce, an yi mata yaɓe mai laushi." Aka ce ta bi katangar ta ga inda ta ƙare. Sai ta cire takalminta ɗaya ta ajiye a gindin, dabarar da ba wanda ya koya mata, ta kama tafiya a gicciye tana shafawa, tana tsallake saiwoyi, tana ƙirga taku a hankali, mu kuwa muna tsaye ba mai ko tari, har ƙafarta ta sake taɓa takalmin. Ta tsaya cik. Tsohon ya ce, "Kuka ta, ɗiyata."

Ta ce, "Wace kukar? Ta miya?"

Ya ce ita. Yarinyar ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta bayyana mana cewa ita duk zatonta kuka wata tsiro ce kamar kuɓewa ko rama, wadda ake shukawa a bayan ɗaki a tsinka, tun da yake ba ta taɓa saninta ba sai a garinta cikin ƙoƙo. Ta tambayi wanda ke hawa ya ɗebo ganyen, tsohon ya kai hannunta kan turakun da aka kafa a jikin itacen ana takawa, ya kai shi kan tabon da ya rage inda aka ɓare ɓawo aka tuƙa igiya, ya kakkaɓo ɗa guda ya ba ta ta shafa gashinsa ta girgiza ta ji ƙwallaye na motsi. Aka tara yara suka riƙe hannun juna domin a auna ta, sai da mutum tara suka shiga kafin da'ira ta rufe. Ina tsammanin murna za ta yi, amma da ta juyo inda take jin muryata, ɓacin rai na gani a fuskarta. Ta ce, "Baba, akwai kuka a bayan gidanmu. Kullum ina jin ana cewa a je gindin kuka. Shekara goma sha biyu ina shan miyarta, don me ba wanda ya taɓa kai ni?" Na san amsar, ko rabinta, domin iyaye mata ba su son yaro ya raɓi kuka saboda abin da ake faɗa na iskoki, balle yaron da suke ganin an riga an taɓa shi, amma ban ga fa'idar gaya mata haka ba, na yi shiru, har yau kuwa tambayar tana nan inda ta ajiye ta.

Guragun biyu kuwa labarinsu ya rabu a bakin wata ƙorama da ta ƙafe ta bar yashi. Kekunan irin masu ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, suna shiga yashin suka nutse. Macen cikinsu ba ta iya rarrafe mai nisa, mu kuwa ba mu yi tanadin yadda za a ƙetare da ita cikin mutunci ba, ta kuma ƙi a goya ta gaban maza, saboda haka a inuwar wata tsamiya ta yini tare da direba, ana kawo mata ganye da 'ya'yan itace kamar mai jinya. Wannan laifinmu ne, mu manya, da ba mu je mun taka hanyar tun jiya ba. Namijin kuwa, da na sunkuya zan ɗauke shi, sai ya ce, "Baba, bar ni," ya ciro silifa biyu daga aljihun keke ya zura a hannuwansa ya sauka. Kasancewar fuskarsa kusa da ƙasa, shi ya riƙa tsayar da mu, ga sawun makwarwa ta bi nan da safe, ga ramin gafiya, ga inda maciji ya ja ciki ya ƙetare, abubuwan da muka tsallake mu masu tsawo, har tsohon ya ce da yaron nan a ƙauye ya tashi da maharba sun yi rububinsa. Amma kada in ƙawata abin fiye da yadda yake, ƙarangiya ta cika masa wando da gwiwa, ƙayar aduwa ta huda silifa ta shiga tafinsa, sai da muka zauna muka yi ta cira yana cije leɓe.

Ina cikin wannan cirar ƙaya ne Malama ta ƙirga kawuna, kamar yadda take yi kowane ɗan lokaci, ta sake ƙirgawa, sa'an nan ta dube ni. Ɗaya daga cikin kuramen da aka ba ni amana babu shi. Abin da na fara yi, don ku san iyakar wayon ɗan Adam in ya firgita, shi ne na miƙe na ƙwala kiran sunansa da iyakar muryata, dutse ya maido mini da ita, na sake ƙwalawa, sai da tsohon ya dafa ni ya ce, "Malam, wa kaka kira?" A nan ne maganar Malama ta sauka a zuciyata da nauyinta, domin duk dabarun da Bahaushe ya tanada na neman wanda ya ɓace a daji, kuwwa ce da ganga da busa, dukkansu kunne suke nema. Tsohon ya sa aka zaunar da sauran yara wuri guda, ya koma inda aka ga yaron da ƙarshe, ya sunkuya yana bin sawun takalminsa na roba, ni ina biye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina tuna fuskar uban da ya sa hannu a takardar izini. Sawun ya bar yashi ya hau dutse, inda ba a ganin sawu. Mun yi kamar minti ashirin, waɗanda a wurina sun fi shekarun aikina tsawo, kafin mu same shi kwance rigingine a kan wani falalen dutse, ya yi matashi da hannuwa yana kallon wasu manyan tsuntsaye na shawagi a sama.

Da aka sauko da shi Malama ta yi masa faɗa da hannu, irin faɗan da ba ya bukatar tafinta, shi kuwa ya tsaya yana mamaki, ya amsa da cewa shi bai ɓace ba, tun da daga can sama yana ganin jan ƙyalle yana kuma ganinmu duka, har ya ga Baba yana buɗe baki yana ɗaga hannu. Hujjarsa ta tsaya, a ganinsa. Ni kuwa Malama ba ta ce mini kome ba sai, "Baffa, Allah ya kiyaye gaba," wanda da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wani abin da na lura da shi bayan hankali ya kwanta shi ne tsohon da yaron sun zauna suna hira ba tare da Malama ba. Ashe tsohon ya tashi da wani ƙane bebe, ya iya maganar hannu irin tamu ta gargajiya, wadda kurame ke yi a kasuwanni da ƙauyukan ƙasar Hausa tun kafin a san boko, ita ce kuma yaron ya fara sani a gida. Wadda ake koyarwa a makaranta dabam ce, asalinta daga Amurka, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yaran suna da harshe biyu ke nan a hannu ɗaya, kuma na ga da na gida suka fi sakewa, da shi tsohon ya kwatanta masa yadda samarin da ke hawa dutsen kamun maiki suke yi, yaron yana dariya har da riƙe ciki.

Azahar ta same mu a gindin tsamiyar da muka bar yarinyar nan, muka taru domin kada ta ci abinci ita kaɗai. Aka yi alwala da ruwan jarka, ana shawarar alƙibla, sai babban makahon ya juya fuskarsa a hankali ya tsaya, ya ce iskar hunturu daga gabas maso arewa take zuwa, in ta bugi kuncinsa na hagu to ya fuskanta, tsohon ya dubi dutse ya dubi inuwa ya ce haka ne. Shi ya kira salla, shi kuma muka gabatar, domin ya fi mu karatu, kuma malaman fiƙihu ba su hana limancin makaho ba. Ai Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa, ladanin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kuma sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla. Kurame suna bin sahu da ido, guragu suna zaune, kurciya tana kuka a saman tsamiya. Yaron nan mai galahanga, wanda ya toshe kunnuwa tun daga Gusau saboda ƙarar mota, ya sami wani layin tururuwa da ke jan ƙwayar ciyawa zuwa raminsu, ya kwanta a gefe yana bin su da ido, bai motsa ba har muka idar muka ci abinci. Malama ta ce ba ta taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya haka ba. Ban ce daji magani ba ne, ni ba likita ba. Abin da na gani na faɗa.

Da yake akwai sauran rana, kuma ɗaya daga cikin kuramen ɗan Tsafe ne an yi wa mahaifiyarsa alkawarin za a biyo da shi, sai muka sallami tsohon, wanda ya ƙi karɓar kome sai goro, muka ci gaba. Mun wuce ta kusa da 'Yandoto, tsohon garin malamai wanda ɗalibai ke nufa daga nesa tun kafin jihadi, har rikicinsa da Muhammadu Bello ya kai ga yaƙi, kuma daga nan ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya gusa ya kafa Gusau. Na so in yi wa yaran bayani, na waiwaya na tarar rabinsu sun yi barci, kowa da ɗan kuka ko reshen kalgo a cinya, na bar tarihin a bakina.

A tashar Tsafe muka tsaya ana sayen rake, mahaifiyar yaron ta zo da ƙullin gyaɗa, jama'a suka taru suna kallonmu. Yarinyar nan ta gindin kuka tana tsaye a jikin mota ta miƙa hannu tana jiran a ba ta nata raken, sai wani bawan Allah mai wucewa, da kyakkyawar niyya, ya saka mata naira ashirin a tafi ya ce a yi masa addu'a. Ta shafa takardar ta gane, ta miƙa ta inda ta ji takunsa ta ce, "Baba, Allah ya biya bukata, amma ga kuɗinka. Mu ba bara muka zo ba, daji muka je." Mutumin ya rasa ta cewa, ya karɓa ya tafi yana waiwaye. Mun shiga Gusau ana kiran magariba.

Bayan mako biyu Malama ta kawo mini wani littafi da yaran suka haɗa, kowane shafi an manna busasshen ganye ko ɓawo, a ƙarƙashinsa kurame sun rubuta sunan da biro, makafi kuma sun huda shi da rubutun ɗigo shida wanda Louis Braille, makahon nan na Faransa, ya ƙago, wanda kuma makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953 tana cikin na farkon da suka koyar da shi a Arewa. Na tambayi dalilin da ya sa suke hudawa daga dama zuwa hagu kamar masu ajami, aka ce don in an juya takardar a karanta daga hagu. Itace goma sha bakwai ne a ciki, littafin yana nan a akwatina, ganyen ya fara marmashewa.

Ba a sake yin wannan tafiya ba. A watan Janairu na 2019 an sa hannu a dokar tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati domin su iya shiga, abu ne mai kyau, amma a daidai wannan lokaci dajin da muke magana ya ƙara nisa ga kowa, har hanyar Tsafe da muka bi yara na barci ta zama wadda ba a kamawa sai da addu'a da sauraron labari. Yau ba zan ba kowace makaranta shawarar ta kwashi yara zuwa bayan dutse ba. Sai dai kuka da tsamiya ba su ƙare a cikin garuruwanmu ba, akwai su a bakin kasuwa da filin idi da bayan gida, inda ba a bukatar mota ko izinin ofis. Mai karatu, in akwai yaro irin waɗannan a gidanku ko maƙwabta, ka kama hannunsa ka kai shi ya shafa, ka gaya masa sunanta; ka dai riga shi taka hanyar saboda ƙaya, in kuwa kurma ne, kada ka ɗauke ido daga kansa.